Kafin Rissa Ya Tashi da Ku

Zuwa ga Tata, sanyin idona, inuwar gawo a tsakiyar rani, ruwan farko da ke sauka a Damargu bayan kowa ya gaji da duban sama.

Ina gaishe ki, ina gaida 'yarki da yayanki Rissa. Allah ya sa dabbobi sun samu ciyawa a Tenhya.

Kin san ni mai faci ne, baki bai cika yi mini aiki ba. Abin da na kasa faɗa miki a bakin kwalta shi na zauna rubutawa.

Tun ranar da tayar motarku ta fashe, kika zauna a bencina da kwandon cukunki, ban koma daidai ba. Kaset ɗin gitar Buzaye ke juyawa a rediyo, wanda wani direban Agadas ya bar mini tun ina koyon aiki. Shekara da shekaru ina jin sa, ba na jin Tamajak, yarenku, na ɗauka mai waƙar budurwarsa yake yi wa kuka. Kika yi dariya har kika rufe baki da mayafi, kika ce raƙumarsa ce ta ɓata. Tata, wace irin mace ce za ta rushe wa mutum waƙarsa, ya tashi yana ƙara son waƙar, yana kuma son wadda ta rushe ta?

Ga ni yadda nake. Mahaifina manomin gero ne a Olelewa. Fari ya koro mu Tanut, na kama faci, yau rumfar tawa ce, da injin iskarta. Uwar 'ya'yana ta rasu, Allah ya jiƙanta. Ta bar mini Halima, mai zuwa makarantar lakwal, da Audi, wanda ba ya zama wuri ɗaya. Inna tana tare da mu. Idonta ya yi rauni, bakinta kuwa yana nan garau. Bayan kaset ɗin raƙuma ina da na kiɗan noma da mahaifina ya bari, shi nake sawa da safe in hannu ya yi nauyi. Akwai kuma na waƙoƙin biki da marigayiya ke so. Ban jefar da shi ba, ba kuma zan jefar ba. Gara ki ji wannan daga gare ni.

An ce Rissa zai sayar da dabbobin bayan kaka, ya tashi da ku Arlit. Ranar da na ji, tayar da ba ta huje ba na kwance. Arlit, Tata! Ina zan sa idona ranar kasuwa?

Kin taɓa ce mini aurenki na fari ya raba ki da sana'a, ba ki son a sake. Ba za a sake ba. Rumfata tana da faɗi, zan kafa miki taki rumfar a gefen da warin roba ba ya kaiwa, kuma direbobin da ke jiran taya mutane ne masu yunwa. 'Yarki za ta kwana ɗaki ɗaya da Halima, abin da ɗaya ta ci shi ɗaya za ta ci.

Kawu Adamu ya sa an wanke babbar rigarsa, yana jira in ce masa ya tafi wurin Rissa neman aurenki. Ba zan tura shi ba sai na ji daga gare ki. In kin yarda, aiko da saƙo ta hannun direban motar kasuwa. In kuwa a'a ce, kada ki aiko kowa, ki zo ki faɗa mini da kanki, ko na ƙara ganin ki.

Naki, kin amsa ko ba ki amsa ba, muddin ina numfashi,

Attahir mai faci, Tanut