Rijiyar da Aka Buɗe a Rediyo

Zuwa ga Editan Labarai na gidan rediyonmu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da aiki, da fatan iyali suna lafiya. Ni ne wakilinku na Bagudo da bakin iyaka, shekara goma sha ɗaya ke nan. Sau biyu na rubuto muku a asirce ban ji amsa daga bakinku ba, shi ya sa wannan karon na fito fili.

Na ɗaya, abin da ya faru. Da daminar da ta wuce wata ƙungiyar agaji ta shirya buɗe rijiyar burtsatse a Tungar Alu, ƙauyen masunta kusa da iyakar Benin. Jami'in hulɗa da jama'a na ƙungiyar ya kawo mini takardar sanarwa tun saura kwana biyu. Kun san yadda muke yi, Yallaɓai: ana rubuta ta kamar an gama bikin, don ta isa Birnin Kebbi a kan lokaci, tunda waya ba ta shiga yankinmu. A cikin takardar babban baƙo ya riga ya yanke ƙyalle, ya kurɓi ruwan, ya yaba da sanyinsa, mata sun yi guɗa. Na sa hannu na ba direban motar haya. Wannan laifina ne, ba na raba shi da kowa.

Ranar bikin, kogi ya cika ya shafe hanya. Baƙo bai zo ba. Motar haƙar ma, ashe tun mako guda tana kafe a laka. Da ƙarfe bakwai aka karanta labarin da sunana, mutanen Tungar Alu suna zaune suna saurare aka shaida musu cewa sun sha ruwa.

Na biyu, abin da ya biyo baya. Washegari mutanen ƙetaren kogi suka iso a kwale-kwale da jarkoki. Mai gari ya kai su filin ya nuna musu turken da aka kafa a inda za a haƙa rijiyar. Ranar Juma'a liman ya yi huɗuba a kan shaidar zur, wadda kun san ba abin wasa ba ce tun da aka ƙaddamar da Shari'a. Bai ambaci suna ba, sai dai sahu uku ne suka waiwayo suka dube ni. 'Yan kabu-kabu masu babur a Bagudo sun daina kirana Malam Mamman, yanzu Burtsatse ne sunana. Duk wannan zan iya ɗauka.

Na uku, abin da ba zan iya ɗauka ba. Ƙungiyar ta naɗi labarinmu a kaset ta aika wa masu ba ta tallafi a matsayin shaidar an kammala aiki, aka cire Tungar Alu daga jerin ƙauyukan da za a haƙa wa. Na sami jami'in, ya ba ni shayi, ya ce shi ma ya san babu rijiya, amma ba shi da bakin ƙaryata gidan rediyo. Idan kun gyara, zai mayar da sunan. Ku kuma, ta bakin mataimakinku, kun ce gyara zai kunyata babban baƙo. Shi baƙon ruwan gora yake sha. Matan Tungar Alu da ɗankwali suke tace ruwan kogi. A gabana wata tsohuwa, Inna Hassi, ta tace sau uku kafin ta ba jikarta mai gudawa. Ta san ko ni wane ne, ta kuma shimfiɗa mini tabarma. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Roƙona biyu ne. A daina karɓar labarin biki daga kowane wakili sai bayan an yi bikin, a kuma gaya wa sababbin shiga dalili, ko da za a ba da misali da ni. Sannan a karanta gyara da ƙarfe bakwai, da sunana a kai, kafin motar haƙar ta bar yankinmu ƙarshen wannan rani. In ta tafi, babu wanda ya san ranar dawowarta.

Na haɗo gyaran da wannan takarda. Jimla uku ce, ba sunan baƙo a ciki. Na karanta ta da agogo a hannu, ba ta kai minti ɗaya ba.

Allah ya ƙara muku lafiya da ɗaukaka, ya sa ku gama aiki da mutunci, ya raba mu da faɗin abin da idonmu bai gani ba.

Wassalam.

Mamman Ɗan'ige,
Bagudo.