Maganin Sani Ba Ya Zuwa a Leda

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya da uwa, da fatan Allah Ya kai haske kabarinki, na zo miki da maganar autanki Sani. Tun da na fito daga wurin likita nake son in yi miki magana.

Kin bar Sani yana noman gero da dawa a Nahuce, ga surutu kamar rediyo. Yanzu ko fartanya ba ya dubawa, kullum yana ɗaki, fuska ga bango. An yi rubutu, an yi hayaƙi, daga baya asibiti suka ce ciwon damuwa ne. Ya sha ƙwayoyi iri-iri wata da watanni, ko gezau. Rannan ya ce da matarsa da ma ya bi ki ya huta. Wannan maganar ce ta hana ni zama.

Sai na ji akwai wani magani da ake fesawa a hanci, na waɗanda ƙwaya ta ƙi yi wa aiki. Kin san mu dai: mara lafiya na kwance a gida, mai ƙafa ya je kemis ya faɗi ciwo, a ƙullo masa magani a leda. Haka na saɓi jaka na bi kemis-kemis na Bungudu da Gusau, har Tsafe na je, duk da halin da hanyar take ciki. Wani ya miƙo min maganin mura, har da cewa sabon zuwa ne.

A ƙarshe wani likitan ƙwaƙwalwa a Gusau ya zaunar da ni. Ya ce wannan magani ba a sayo wa mutum shi, ba a kai shi gida. Sai mara lafiya ya zo da kansa ya shaƙa a gaban ma'aikata, su tsare shi kamar awa biyu suna auna jininsa, don yakan sa jiri da ruɗewa. Kuma ba zuwa ɗaya ba ne. Shi bai san asibitin da ke yinsa a nan kusa ba, amma zai bincika mana a manyan birane. Na dubi jakata a cinya, ba komi a ciki.

Sannan ya tambaye ni ko a gidanmu an taɓa yin mai irin wannan ciwo. Na buɗe baki zan ce a'a, sai na gan ki.

Na gan ki zaune bayan rumbu, ƙwaryar gero a gabanki, har inuwa ta bar wurin ba ki motsa ba. Na tuna ana biki a maƙwabta, ke kin ja ƙofa. In na tambaya ki ce, "Ba komi, ɗiyata, gajiya ce." Mata na nuna ki suna cewa a yi koyi da haƙurinki. Baba kuwa ya aika a sayo miki maganin ƙarin jini.

Inna, ashe ciwo ne? Ashe abin da duk Nahuce ke yabo shi ne ke cin ki? Wallahi ban taɓa kawo haka a raina ba. A gaban likitan nan na fashe da kuka, da girmana.

Jiya na je Nahuce hannu rabbana. Na shiga ɗakin Sani na zauna a bakin gado, na faɗa masa komai, har da naki ciwon. Sai ya juyo ya dube ni. Rabon da in ga fuskarsa sosai har na manta. Ya ce in an samu wurin zai bi ni.

Likita ya ce dole a sami wanda zai riƙa raka shi yana dawowa da shi. Na ce an samu, ko ina ne. Ke leda aka aiko miki, Inna. Shi kusa da shi zan zauna.

Allah Ya ba ki hutun da ba ki samu a nan ba, Ya bar mana Sani.

Ɗiyarki,
Rabi