Muryar da Kika Ara, Zali

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga ƙanwata Zaliha, a Yamai. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yaron, ki gafarce ni da na tsayar da ke, na san aiki ya yi miki yawa. Masu saurare ma su yi haƙuri, maganar ɗaka ce na fito da ita tsakar gida. Na sha aika miki saƙo ta bakin direbobi ban ji komai ba, shi ya sa na rubuta wannan da ɗan ajamina, na kai gidan rediyon garinmu a karanta cikin gaishe-gaishe, wanda ya ji ya kai miki. Ban nemi in karanta da kaina ba. Kin san dalili. In aka ji muryata, mata za su kashe akwatin.

Kin tuna ranar da kika shigo gidana nan Ƙonni da rakoda mai baki biyu, wadda kika sayo ƙetaren iyaka? Kika ce za mu yi wasan kwaikwayo na kunne, ba hoto, ba mai gidan rediyo a kanmu, mu ɗauka a kaset mu ba direbobi. Ni da ban taɓa zama lakwal na yi boko ba, na ce me na sani? Kika ce, "Yaya, murya kawai za ki ara mini."

Sai da na je wurin Malam na tambaya ko wannan ƙarya ce. Ya ce in kowa ya san tatsuniya ce, ba laifi. Na dawo na roƙe ki abu ɗaya: a buɗe da "ga ta nan, ga ta nanku", a rufe da "ƙurunƙus", kamar yadda Inna take yi mana. Kika yi dariya, kika ce wannan na tsofaffi ne, yanzu sai an ji kamar gaske ake saye.

Ba zan ce ban ji daɗi ba. Tsakanin azahar da la'asar muke shiga ƙuryar ɗakina, mu rataye barguna a ƙofa, mu zuba wa akuya harawa don ta rufe mana baki. In ana son ruwan sama, ki zuba gero a faranti. In ana son wuta, ki murza leda kusa da bakin rakoda. In kaset ya sarƙe, ki sa biro ki naɗe, kina zagin batir. Mukan yi dariya har mu toshe baki da gefen zane, kada ta shiga cikin ɗauka.

Labarin na wani ƙauye ne da yara ke ta mutuwa, aka ɗora wa wata tsohuwa, Gwaggo Laraba, cewa mayya ce mai kama kurwarsu. Ni kika ba Gwaggo Laraba. Na ce ki ba mai ƙatuwar murya, kika ce mayya ba ta ihu, a hankali take gaisuwa, kamar ni. Kika kuma rantse mini cewa a kaset na ƙarshe za a gane ruwan rijiyar garin ne ya ɓaci, tsohuwa ba ta ci kowa ba. Don wannan ƙarshen na yarda.

Ranar ɗauka ta farko, inda Gwaggo Laraba take duban wata jaririya, bakina ya riga ni. Na ce, "Tubarkalla, ɗiyata, kin yi kyau." Haka nake cewa a kan kowane yaro tun ina budurwa, don kada bakina ya kama ɗan kowa. Na ce ki mayar baya ki share, sunan Allah ba na wasa ba ne. Kika riƙe hannuna, idonki na ƙyalli. Kika ce, "Kada ki taɓa, Yaya, nan ne gashin jiki ke tashi." Daga nan duk yaron da zai mutu a labarin, sai na yi masa tubarkalla tukuna.

Kaset ya tafi. Motocin Dogarawa da Malbaza ba su da wani abin sawa. Ranar kasuwar Illela aka ce har layi ake yi wurin mai kwafi. Direbobi suka ce miki fasinja na son mayyar, kada a wanke ta yanzu, kika ƙara kaset, kika ƙara wani. Sunanki ake faɗa a farkon kowane. Nawa ban yarda a faɗa ba, don ba na son sunan matar aure yana yawo a tasha. Ashe murya ba ta buƙatar suna.

Mai niƙa ne ya fara ganewa. Na gaishe shi, ya ɗaga kai, ya ce in sake faɗa. Yaran kabu-kabu suka ɗauka, in na wuce sai su maƙale murya su ce wa juna tubarkalla. Wannan na jure, wasan yara ne. Sannan mata suka fara juya goyo zuwa bango in na shiga gidan suna. Na aika wa maƙwabta tuwon sadaka, aka dawo mini da kwano a wanke, na ga tuwon a gaban karnuka. 'Yan matan da nake biya wa allo a zaurena suka ragu ɗaya bayan ɗaya, kowace uwa da uzurinta mai kyau. Allunansu na nan jingine, ban wanke ba, kowace da inda ta tsaya.

A lokacin ne aka kira ki aiki Yamai. Kika tafi da rakodar, kika ce kaset na ƙarshe sai kin zauna da kyau. Yanzu ina jin ki a rediyo kina tallar sabulu. Muryarki ta yi kyau ƙwarai.

Ban gaya miki abin da ya faru da daminar bara ba, ko da yake na san kin ji. Ɗiyar Hajo maƙwabciyata, wadda ni na yanke mata cibi, ta shigo ɗiban wuta da sabon kitso. Na daɗe ina danne bakina, ranar ya kuɓuce, na yi mata tubarkalla. Washegari zazzaɓi ya kwantar da ita, tana sambatu tana kiran Gwaggo Laraba, don a ɗakinsu ma kaset ɗin ake ji. Suka zo da rana tsaka, mata da maza, suka fitar da ni ko mayafi ban ɗauka ba. Suka shimfiɗe yarinyar a ƙofar gida suka ce in tsallake ta, in sakar mata kurwa. Na ce a kawo Alƙur'ani in dafa. Hajo ta ce mayya ma ta iya karatu.

Na tsallake, Zali. Ina ɗaga ƙafa ina roƙon Allah Ya tashi yarinyar, alhali na san abin da tashinta zai zame mini. Da yamma ubanta ya kai ta gidan likita aka yi mata allura, ta warke. Da ta mutu, da sun ce na cinye. Ta tashi, suka ce na saki. Na gode wa Allah da ta tashi, har yau ina godewa.

Duk wannan ban rubuta miki ba, na ce ƙanwata na nesa, ba ta gani ba. Sai kika zo da sallar layya da jaririnki. Na share ɗaki, na yi turare, na miƙa hannu biyu. Na ce tubarkalla. Kika ja gefen mayafi kika rufe masa fuska, kika ce barci yake. Idonsa biyu, na gan shi. Ke kika zauna kika ƙago Gwaggo Laraba a kan tabarmata, kina cin gyaɗa. Ban san ko tsoron idon mutane kika ji ba, ko kin saurari kaset ɗinki har kin gaskata. In kin gaskata, ki tuna an ce maita a nono ake sha, kuma nono ɗaya muka sha.

Astagfirullah, ban zo da faɗa ba. Ni na goye ki Inna na daka, ni na fara biya miki Fatiha. In kin yi kuka da zazzaɓi, wannan muryar ce take lallashinki, ba wata ba.

Ga abin da ya sa na fito. Hassana ɗiyata cikinta ya tsufa, ana sa ran haihuwa da kaka. Haihuwar fari ce, a gidana ya kamata ta yi wanka. Surukanta na Dogarawa sun aiko cikin ladabi cewa ba sai ta zo ba, ni ma kada in wahalar da kaina da hanya. Hassana kuwa goro kawai ta aiko mini. Itacen dafa ruwan wankan na tara shi tun bazara, yana nan bayan ɗaki.

Ba na neman ki ba ni haƙuri, ba na neman rabon abin da aka samu. Kaset na ƙarshe nake nema. Mutanen nan ba su yarda da rantsuwata ba, amma sun yarda da labarinki. Ki ɗauka da muryarki, ki faɗa musu rijiya ce. Ki faɗa musu Gwaggo Laraba ba ta taɓa rayuwa ba, yayarki Rabi ce ta ara miki baki. Yanzu na yarda a faɗi sunana, har a tasha. In kin gama ki ce ƙurunƙus, don a san an rufe. In ana buƙatar muryata a ciki, ki zo da rakodar, bargunan na nan.

Allah Ya tsare ki, Ya sa albarka a aikinki, kada Ya nuna miki ranar da za ki miƙa hannu a janye ɗa. Allah Ya sauki Hassana lafiya. Allah Ya raya yaronki. Kalmar da ta saura na faɗa masa ita a zuci, don kada ki tsorata.

Gero ya fara fitar da kai, Zali, lokaci ya matso. Ki ba direban Ƙonni amsa, ko da baki ne. Don Allah ki amsa mini da wuri.

Yayarki,
Rabi