Mayafan Yayi Sun Fito Ja, Kuma Ni Kaɗai Na San Mai Laifi

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin a ɓoye sunana, don a unguwarmu ta Nima kowa ya san kowa. Don Allah ku ba ni shawara, tun jiya na kasa zama wuri ɗaya, abinci ma sai dai in kalle shi.

Ni mai aikin dizain ce a kwamfuta. Ina da aminiya tun muna makarantar allo, ni na koya mata aikin nan bayan ta yi aure. Ƙanwar mijinta za ta yi aure, sai ta roƙi dangin mijin su bar mata zanen mayafan yayi, wato ankon biki, don su ga zaman da take yi gaban laftof ba wasa ba ne. Ta zana fure mai ruwan hoda, kowa ya gani a waya ya yaba. Ni kuma da rawar kaina na ce a kai wa yayana ya buga, yana da shagon firintin a Maamobi.

Mayafai suka fito ja jawur kamar manja. Kun dai san garin nan, wata maƙwabciya 'yar ƙabilar Ga da ta gan su a shanye sai ta shigo tana tambayar wa ya rasu, don a nan ja kalar makoki ce. Uwar amarya ta yi kuka, matan gidan suka je shagon yayana suka wanke shi tas a gaban kwastomomi. Shi kuma ya rantse lambobin kalar da aka turo masa su ya buga.

Zuciyata ta ƙi kwanciya, na karɓi fayil ɗin na buɗe. Kowane ɗigon hoto lambobi huɗu ne da shi, na ja, na kore, na shuɗi, sai na huɗu da ake kira alfa. Alfa ita ke faɗin yadda kala ta rufe abin da ke bayanta, daga sifili zuwa 255. In ta cika 255 opasiti ɗari bisa ɗari ke nan, ba a ganin komai ta ciki. Furen aminiyata alfarsa 128 ce, kusan rabi. Ashe ja ta zana ta rage masa opasiti, farin da ke baya yake leƙowa, shi ya sa ido ke ganin ruwan hoda. Da ta karanta kalar sai ta kwashi lambobi ukun farko ta tura, ta bar ta huɗun. Yayana bai ƙara komai ba, bai rage ba.

Ita ba ta san ta yi hakan ba, har yanzu da zuciya ɗaya take ganin shi ya ɓata mata aiki. In na faɗa, na kunyata ta a gaban dangin miji, kuma mijin ya daɗe yana neman dalilin raba ta da laftof ɗin. In na yi shiru, sunan yayana ya ɓaci, har wata ƙungiyar mata ta janye aikin da ta ba shi. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu. Na yi tunanin in ɗora wa na'ura laifi, amma injin ma ai nasa ne, kansa zai koma.

Gobe bayan la'asar za a zauna a gidan kawun amarya, kuma ni aka zaɓa in duba in faɗi gaskiya. Ɗazu yayana ya kira ya ce, "Ke kin san aikina, je ki gaya musu kawai." Ina ajiye waya sai ga saƙon aminiyata: "Chale, ƙawata, na gode Allah da ke za ki duba, yanzu hankalina ya kwanta."

Jama'a, me zan ce gobe? In same ta yau in nuna mata lambar nan mu biyu, ko in bari ta ji daga bakina a gaban surukarta?