Jirgi Na Biyu

Zuwa ga Jasnur, sanyin idona, zumar da ƙudajena suka kasa yin irinta, ruwan farko da ke fitowa daga bakin injin ban-ruwa a tsakar zafi, gurasa mai ɗumi da man shanu ya narke a kanta, wadda in ta ratsa gonar mastad furanni ke sunkuyar da kai don kunya! Gaisuwa mai tarin yawa daga babban jami'in bizar ƙasar Amurka, reshen ɗakin injin gonarmu, wanda ya yi ta hana ki biza tun shigowar sanyi, kuma har yau bai yi nadama ba.

Na san yanzu kina kan soro kina kai da kawowa, kina maimaita amsoshin da Malam Cadda, mai koya muku ganawar biza, ya haddatar da ku, leɓunanki na motsi kamar mai addu'a. Ajiye su tukuna ki saurare ni. Jibi za ki kama hanyar Delhi, gata ki tsaya a gaban jami'in gaske, wanda ba ya naɗa rawani, kuma ba ya warin hayaƙin ɗiban zuma. Shi tambayoyi kaɗan zai yi miki ya sallame ki. Ni kuwa tambaya ɗaya ce tak ta tsaya min a rai, ta hana ni jin daɗin shayi, ta sa na rame har ɓaunar da muke tatsa na kallo na da tausayi.

Kin tuna yadda na sami wannan muƙami? Malam Cadda ne ya ce kowane ɗalibi ya nemi wanda zai riƙa yi masa gwajin ganawa a gida. Babanki ya ce shi Turancinsa bai wuce na gaishe da likita ba. Sai kakarki Biji ta ɗago daga kan gadon igiyarta ta ce, "Ku kira min Gurtej mai zuma. Rannan na ji shi yana zagin ɓauna da Turanci, kuma ɓaunar ta gane." Da wannan shaidar aka naɗa ni, ba jarrabawa, ba albashi.

Wane ofishin jakadanci ne a duniya ya kai namu kyau? Ni a cikin ɗakin inji, bayan tagar nan mai sandunan ƙarfe, na ɗaure fuska tamau. Ke a waje, kin ja layi ke kaɗai, kina gyara gyale. Biji a gindin mangwaro tana ɓarar wake, ido ɗaya a kan ƙwarya, ɗaya a kaina. Da yake babanki ya kulle fasfo a akwati don kada raɓa ta taɓa shi, sai kika tsinko ganyen mangwaro kika miƙo min ta taga. Doka kuwa irin ta ofishin gaske ce: in jami'i ya riƙe fasfo, an dace; in ya turo shi baya, sai a koma gida a yi kuka.

Wayyo, amsoshinki! Me ya sa kika zaɓi wannan jami'a? Ki zubo kamar famfo. Me za ki karanta? Ilimin haɗa magunguna, har da sunayen malaman da ba ki taɓa gani ba. Wa zai ɗauki nauyinki? Ba gargada. Ina tsaye ina gyaɗa kai kamar na fahimta, alhali rabin kalmomin sun wuce ta saman rawanina. Sai in gyara murya in jefo ta ƙarshe: me zai dawo da ke gida in kin gama?

Ke kuma ki miƙe ƙyam ki ce, "Yallaɓai, mahaifina yana da gona, ni ce 'yarsa mace tilo, zan dawo in buɗe kantin magani in yi wa al'ummata hidima."

Ni kuwa in turo miki ganyenki ta taga. Kullum! Ki buga ƙafa ki ce, "Gurtej, kai dai an yi mugu! Ina kuskuren yake? Haka fa Malam ya ce a faɗa!" Biji ta jefo ni da ɓawon wake tana cewa, "Kai ɗan nan, ko Baturen ya fi ka imani. Ka bar yarinya ta ci ko sau ɗaya mana!"

Ba kuskure a ciki, hasken gidanmu. Abin da ke ciki shi ne, duk ɗalibin da ke birnin Jalandar haka yake faɗa, da murya iri ɗaya, da tsayuwa iri ɗaya. Da duk kantunan maganin da aka yi wa Bature alkawari an buɗe su, da yanzu ba sauran mai tari a faɗin jiharmu ta Panjab. Ki hau soronku ki duba ƙauyen nan. Gidajen bene masu tankin ruwa da aka ƙera da siffar jirgin sama, ƙofa da kwado, tsakar gida ciyawa ta cinye. Tsofaffi a zaune da waya a cinya suna jiran ta yi ƙara. Duk masu gidajen nan sun ce za su dawo, kuma na yarda a lokacin da gaske suke. Shi ya sa in kin ba ni amsar nan nake jin tsoro, tsoro na gaske, irin wanda ba ya fita da wasa.

Ga kuma wata masifar. Tun da sakamakon jarrabawarki ta Turanci ya fito, duk layin nan aka san makinki, gidanku ya zama tasha. Innarki Masi Pammi ba ta zuwa hannu rabbana, sai da hoton saurayi mai neman aurenki a jaka. Wannan ubansa na da gidan mai, wancan na da tarakta uku, kowanne ya shafa wa gemu mai yana harɗe hannu a jikin motar da ba tasa ba. Ranar da ta same mu a bakin inji ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wannan fa, wace ƙasa yake nema?" Biji ta ce, "Wannan? Ko Ludiyana da ke nan kusa ya je sai ya yi amai a mota." Suka yi ta dariya, ni ma na taya su, don ba ƙarya ta yi ba.

Amma ki duba da kyau, ya ke mai idon barewa. Samarin hoton nan ba murmushinki suka gani ba, ba su san kina tsoron ƙadangare ba, ba su san kina zuba barkono a kan gwaiba har ki yi hawaye ba. Kujerar da ke kusa da taki a jirgi suke so. Ni kaɗai ne wawan ƙauyen nan da ba ya son zuwa ko'ina. Ina zan kai akwatunan zumata? Wa zai riƙe Babana in gwiwarsa ta motsa? Kowa yana so ki tafi da shi. Ni so nake ki tafi, ki karanta duk abin da ke cikin littattafansu har su rasa abin koya miki, sannan ki dawo.

Sai jiya! Wace irin rana ce jiya? Gwajinmu na ƙarshe. Kin zo da riga ruwan toka, wadda Malam Cadda ya ce ita ce ba ta ba Bature tsoro. Kin amsa komai tiryan-tiryan. Na jefo tambayata kamar kullum, har na ɗora yatsa a kan ganyen zan turo shi. Kika buɗe baki, kika ce "Yallaɓai," sai kika tsaya. Gonar babanki ta ɓace, kantin magani ya rushe, al'umma ta watse. Kika dube ni ta tsakanin sandunan nan, ba jami'in kika duba ba, ni kika duba, kunnuwanki suka yi ja. Inji na ta bugawa, ruwa na ta zuba, ke ba ki ce komai ba, ni kuwa na manta da duk Turancin da na sani, har wanda nake zagin ɓauna da shi. Na ɗauki ganyen na soke a rawanina. Biji ta ajiye ƙwarya ta ce, "To, yau dai Bature ya shiryu." Ke kuma kika juya da gudu, kika bar takalmi ɗaya a bakin kwata.

Yau da hantsi Biji ta aika a kira ni. Ta ce, "Tunda ka ba ta taka bizar ta ganye, hau babur ka je gurduwarar jirage, wurin ibadar nan da masu neman biza ke kai jirgin wasa, ka roƙa mata ta gaske. Ni ƙafata ba za ta kai ni ba, uban nata kuma kunya yake ji a gan shi da kayan wasa."

Kin san yadda bakin ƙofar wurin yake, shaguna jere, jiragen roba na lilo a igiya. Tun ban kafe babur ba wani mai shago ya taso. "Paji, babban yaya, wace ƙasa? Kanada? Ostareliya? Ɗauki mai batir, ya fi saurin amsuwa, wanda ya saya makon jiya yana can yana wanke motoci a Toranto!" Na ce Amurka, kuma guda biyu nake so. Ya kashe min ido ya ce, "Ah, ka yi dace! Madam ta ci jarrabawa, kai kuma ka bi a jaka." Na ce a'a, ɗaya na tafiya ne, ɗaya na dawowa. Mutumin nan ya saki baki, sannan ya ƙwala wa maƙwabcinsa kira: "Kai, zo ka ga abin mamaki! Tun ina saurayi nake sayar da jirgi a nan, ban taɓa ganin mai neman na dawowa ba!" Ya rantse ba zai karɓi komai a kan na biyun ba, wai shi ma yana so ya ga ƙarshen abin.

Na cire takalmi, na wanke ƙafa, na hau sama. Jirage tuli guda, kowanne da uwar da ta ajiye shi da hawaye. Ba zan ɓoye miki ba, da na durƙusa, wata zuciyar ta raɗa min cewa in roƙa a turo miki fasfonki baya, ki dawo ki yi kukanki na mako guda, shi ke nan na huta. Na ce mata ta yi min shiru. Na ga yadda kika yi ta fama da karatun nan tun muna 'yan makaranta, kina riƙe littafi da hannu ɗaya kina dama abincin shanu da ɗayan. Na ajiye jirgi na farko, na roƙi Ubangiji da zuciya ɗaya Ya sa Baturen nan ya riƙe fasfonki.

Na biyun kuwa ban ajiye ba. Na ɗaga shi na yi alwashi cewa Jasnur ce za ta kawo shi nan da hannunta, ranar da ta gama karatu ta dawo gida. Wani dattijo mai hidimar wurin yana gefe yana raba alawa, ya ji ni. Ya zuba min a tafi ya ce, "Ɗana, ka san alwashi ba a aiko shi ta hannun wani, ko? Mai shi ke zuwa da ƙafarsa." Na ce ai shi ya sa na yi.

Ga jirgin nan Biji za ta ba ki tare da takardar nan, ta naɗe shi a gefen gyalenta. Ƙarami ne, fari, ba batir, fiffikensa ɗaya ya ɗan karkace don na zauna a kansa a hanya. Na san na yi karambani, na ɗaura miki alwashi ban tambaye ki ba. Saboda haka bai hau kanki ba sai kin karɓa. In ba ki so, ki bar shi a ƙarƙashin gadon Biji, ni zan mayar da shi in ba da haƙuri, mai shago ya yi min dariya, ba zan riƙe ki a zuciya ba, ko da yake zumar bana za ta yi ɗaci. In kuwa kin karɓa, jibi motar da za ta kai ki tasha ta gefen gonata za ta bi. Zan kasance a tsakiyar akwatunan zuma ina yin kamar ina aiki. Ki ɗaga shi ta taga kawai. Ko ƙudajen duniya duka sun taru a kaina zan gan shi.

Saura gargaɗi daga tsohon jami'i. Ki ci nono da sukari kafin ki fita kamar yadda Biji za ta tilasta miki. Ki dubi mutumin a ido, kada ki yi sauri, kada ki taɓa gyale. In ya tambaye ki me zai dawo da ke, ki ba shi gona, ki ba shi kantin magani, ki ba shi al'umma gaba ɗaya, ki faɗa kamar yau kika fara tunaninsu. Amma don girman Ubangiji kada ki yi masa shirun jiya! Zai ɗauka ba ki da amsa, bai san ita ce amsa mafi kyau da aka taɓa bayarwa a bakin taga ba. Wannan shirun nawa ne, ban yarda a ba Bature ko kaɗan daga ciki ba.

Takalminki yana wurina, zan ba Biji. Ganyen kuwa ba zan bayar ba. Ofishinmu ba ya aika fasfo ta gidan waya, mai shi ce ke zuwa ta karɓa. Zai bushe, zai yi ruwan ƙasa, alkama za ta nuna a girbe ta a sake shukawa, yana nan a cikin rawanina, tagar kuma ba za a rufe ta ba.

Naki tun kafin a ƙirƙiro biza, naki ko an ba ki ko an hana, mai tsayuwa a bayan taga har ranar da za ki sake jan layi,

Gurtej mai zuma