Jar mota da makullan gareji

Litinin, 3 ga Maris
Senami ta kawo mini kwali: 'yan tubalan roba na wasan yara, wai in harhaɗa su su zama motar tsere irin ta da, ja, marar rufi. Likita ya ce zai motsa hannun daman nan da ya shanye. Ni Sossa, shekara arba'in ina kwance injin a Kwatano, yau 'yata ke ba ni abin wasa! Na ce mata in na gama ni kaɗai, ta maido mini makullan garejina. Ta ce, "Na yarda, Papa."

Laraba, 5 ga Maris
Littafin bayanin da ya zo da shi na sa ƙarƙashin ƙafar tebur, dama yana girgiɗi. Matata Huefa ta ce, "Baban Senami, girman kai rawanin tsiya." Na ce ta je ta duba tuwonta na akasa a wuta.

Asabar, 8 ga Maris
Guntu ɗaya ya suɓuce mini sau tara. A na goma ya zauna. Ban kira kowa ba.

Alhamis, 13 ga Maris
Injin ya hau, fistan na motsi. Da haƙori na danna wasu guntayen, wa ya gani? Ba zan ƙare a kujerar nan ina ƙirga 'yan acaɓa ba.

Lahadi, 16 ga Maris
An gama! Bayan coci na tara Huefa da Senami, na ajiye motar a tebur. Na murɗa sitiyari dama, tayoyi suka yi hagu. Huefa ta toshe baki da zani. Senami ko ɗaga motar ba ta yi ba, ta leƙa ta ƙasa kawai.
"Papa, ƙaramin giyan sitiyarin ne ka sa a baibai. Yana can ciki, sai an kwance duka."
Na ce masu kamfanin ne ba su san mota ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Kallo ɗaya fa ta yi.

Talata, 18 ga Maris
Haɗawa daban, ɓamɓarewa daban. Yatsun sun ƙi ja. Na yi kuka, na takaici ne.

Juma'a, 21 ga Maris
Senami ta zo daga gareji da baƙin mai a farce, ta zauna tana ɓamɓarewa, ni ina mayarwa. Giyan a baibai yake, kamar yadda ta ce. Ta ajiye makullan kusa da hannuna, ta ce, "Kai ka gama ta, Papa." Ƙarya take, mu biyu mun sani. Na tura mata su, na ce aljihuna ya huje, ta riƙe mini tukuna. Ajiya ce, ba kyauta ba.
Littafin bayanin ya fito daga ƙarƙashin ƙafar tebur, tebur ya koma girgiɗinsa.