Lambar buɗe manhajar shagona tana shiga wayar tsohon mijina

Anti, don girman Allah ki ba ni shawara kafin in aikata abin da ba zan iya janyewa ba. Ki sakaya sunana. Na daɗe ina juya maganar nan a raina, don ina tsoron ki karanta ki ce a kan kwamfuta kawai nake wannan kuka.

Shekaruna arba'in da ɗoriya, karatuna ya tsaya a sakandare. Ina da ɗan shago a bakin titi, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da labule. Sana'ata ɗinka tambari da sunaye a jikin riguna da huluna, da injin da kwamfuta ke ba umarni. A cikin wata manhaja nake zana tambarin, in tsara inda kowane zare zai bi, sannan in zuba a filashi in kai wa injin. Da wannan nake riƙe da 'ya'yana biyu tun da aurena ya mutu.

Lokacin da muka buɗe shagon, baban yaran ne ya sayi lasisin manhajar. Ya yi rajista da imel ɗinsa da lambar wayarsa, ni ina gefe ina karanto masa lambobin da ke jikin kwali. Mutanen layin suna kiransa Injiniya, alhali ko allura bai taɓa canja wa injin ba. Da muka rabu ya bar mini shagon, ya kuma faɗa a gaban kawuna wai kafin a zagayo shekara zan sayar da injin in koma gida. Ban sayar ba. Maganar lasisi kuwa ban sake tunawa da ita ba, tunda kullum manhajar tana buɗewa.

Kwanakin baya kamfanin ya fitar da sabon samfurinta. Saƙo ya riƙa fitowa a fuskar kwamfutar yana cewa in gwada kyauta. Sai da na karanta bayanin tsaf, har sau biyu, don ni ba na danna abin da ban karanta ba. Na gwada, na ga ta fi tsohuwar sauri, kuma tana nuna yadda zare zai kwanta tun kafin a ɗinka. Ta tambaye ni ko ta mayar da duk zane-zanena zuwa sabon tsari, na ce eh. Anti, a nan na yi wautar. Ni mace ce da ba ta son ganin abu biyu iri ɗaya a wuri guda, ko a kicin ne. Da na ga kowane zane ya zama biyu, tsoho da sabo, sai na bi su ɗaya bayan ɗaya na tabbatar sababbin suna buɗewa, sannan na goge tsofaffin. Har na filashin ajiya na goge, na maye gurbinsu da sababbi. A ranar har daɗi na ji, kamar wadda ta share ɗaki.

Da lokacin gwaji ya ƙare, manhajar ta rufe. Na koma wa tsohuwar, ita kuma ta ce ba ta san waɗannan fayiloli ba. Na biya kuɗin ɗaga lasisi zuwa sabon samfurin, kuɗin ya shiga, aka ce saura abu ɗaya: in shigar da lambar tabbatarwa da aka tura wa mai lasisin. Na duba wayata ban ga komai ba. Sai na lura da ƙarshen lambar wayar da suka nuna. Tasa ce. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana.

Na kira shi. Rabona da kiransa a kan wani abin da ba na yara ba, har na manta. Ya yi dariya ya ce ashe dai kwamfutar ma ta san maigidanta. Ya ce zai turo. Lambar nan ba ta daɗewa take mutuwa, shi kuwa sai na gama zuba wa wayar ido sannan ta iso, in shigar, a ce ta lalace. In sake nema, in sake kira. Wani lokaci ya karanto mini da baki, da sauri, ga ƙarar rediyo a bayansa, in shigar a ce ba daidai ba. Sai ya ce dama tun muna tare lissafi ba ya zama a kaina, in kira ɗiyata ta danna mini. Ni ina da al'adar rubuta abin da ya faru a yinina kowace yamma, kuma duk kwanakin nan abu ɗaya nake rubutawa: wataƙila ni ce na juya lambobin. Ina yin hakan wani lokaci idan na ruɗe, ba zan yi masa ƙarya ba.

Ran nan sai ga shi a shagon, ba sanarwa. Ya zauna a kujerata, ya ture zarurrukan da na jera bisa launi, ya ce a miƙo masa ruwa. Akwai mata biyu da suka zo karɓar aiki, ga mai gyaran waya ya leƙo. Ya ɗaga wayarsa ya nuna musu saƙon lambar da ya shigo masa, ya ce su gani, shagon nan kaf ɗinsa a aljihunsa yake kwana. Ya ce wai Hajiya manaja ta ce za ta iya ba tare da shi ba, ga shi kwamfuta ta ƙi gaishe ta. Matan suka sunkuyar da kai. Ya tsaya yana ba mai gyaran waya labarin ƙwallo har lambar ta mutu a hannunsa, sannan ya tashi ya ce yana da uzuri.

Abin da ya sa nake gaggawa shi ne, shugabar wata makaranta, wadda aikinta ne ƙashin bayan shagona, ta canja taken da ke ƙasan tambarinsu, tana son rigunan ɗalibai kafin a koma hutu. Tsohon tambarin injin zai iya ɗinkawa, don yana ajiye a cikinsa, amma gyara sai an buɗe zanen a manhajar. Ta kira ta ce in ba zan iya ba in faɗa mata da wuri, tana da inda za ta kai.

Jiya ya faɗi sharaɗinsa. Ya ce zai zauna ya ba ni lambar a kan lokaci, idan na yi saƙon murya na tura zauren danginmu na waya, inda 'yan'uwansa da nawa suke, in faɗa da bakina cewa ni na kashe aurena da taurin kai, shi bai taɓa cuta mini ba. 'Ya'yana suna cikin zauren. Innata ta ce magana ce kawai, iska za ta kwashe, in yi in ceci abincina. Anti, na riga na naɗi saƙon. Yana cikin wayata, na saurare shi, muryar kamar ba tawa ba. Kuma wani sashe na zuciyata yana cewa ai ina da taurin kan, ai shi ya sayi lasisin, ai ni na goge fayilolin ba wanda ya sa ni. In tura?

Taki,
Mai Zare

Mai Zare,

Kada ki tura. Na fara da wannan don kada ki kai tsakiyar amsata hannunki ya riga ni.

Yanzu bari in ba kowa haƙƙinsa. Lasisin nasa ne. Da sunansa aka yi rajista, kuma a wurin kamfanin ke baƙuwa ce, ko da ke kika yi shekaru a gaban kwamfutar. Kuɗin da kika biya, rufi kika yi wa ɗakin wani. Goge tsofaffin fayiloli kuma wauta ce, kin faɗa da kanki, ba zan ce miki a'a ba. Mai tsafta irinki ta koyi cewa a wannan sana'a, ajiye abu biyu iri ɗaya ba ƙazanta ba ce. Iyakar laifinki ke nan, kada ki ƙara ko ƙwaya a kai.

Maganar juya lambobi kuwa, kin bar jaki kina dukan taiki. Macen da take tsara inda kowane zare zai bi, ita ce za ta kasa kwafe 'yan lambobi kullum, kuma sai a wayar mutum ɗaya? Kin gan shi da idonki yana riƙe da lambar har ta mutu. Kin fi son ki zargi yatsunki, don ya fi miki sauƙi a kan ki yarda uban 'ya'yanki yana jin daɗin wahalarki. Yana ji. Ya yi alkawarin za ki rufe shago, kika ƙaryata shi, yanzu ya sami igiya.

Ina girmama Inna, amma saƙon murya ba iska ba ne. Ana ajiye shi, ana tura shi, kuma ranar da ɗiyarki za ta tambayi abin da ya raba iyayenta, shi za a kunna mata. Sannan me za ki saya da shi? Lamba ɗaya. Irin waɗannan manhajoji sukan sake neman tabbaci idan an canja kwamfuta, ko an gyara ta, ko wani samfurin ya fito. Kowane karo wayarsa za ta yi ƙara, kuma wanda ya sami wannan farashi a karon farko ba zai rage a na biyu ba.

Ga abin yi. Zane-zanenki suna cikin kwamfutarki, ba sa aljihunsa, duk da abin da ya faɗa wa matan nan. A mafi yawan lokuta duk wata manhaja irin taki, sabon samfuri mai lasisi, za ta buɗe su. Gobe da safe ki kwafi tambarin makarantar a filashi, ki je wani shago mai sabuwar, ki biya su ki zauna ki yi gyaranki, ki fitar da fayil ɗin da injinki ke karantawa. Za ki ji kunyar shiga shagon abokan sana'a, na sani. Ki auna ta da wadda kika sha a shagonki. Kafin ki fita, ki kira shugabar makarantar ki faɗa mata ranar da za ki kawo samfurin farko, don shirunki ne zai kore ta.

Bayan haka ki rubuta wa kamfanin, ki haɗa da shaidar biyan da kika yi. Ki tambaye su ko za su mayar da kuɗin kan sabuwar rajista, kuma su tabbatar miki sabon lasisi zai buɗe fayilolinki. Wataƙila su ce sai da amincewar mai lasisin. In haka ne, ki ɗauka kuɗin ya tafi, ki sayi naki da imel ɗinki da lambarki, ko da sai kin jira kuɗin aikin makarantar ya shigo. Zai yi ciwo, amma sau ɗaya ne.

Ki je wurin kawunki ki faɗa masa sharaɗin da aka gindaya miki, kalma da kalma, don kada a riga ki kai wani labarin. Saƙon da kika naɗa kuma, ki goge shi yau.

Shi kuwa, kada ki yi masa faɗa, kada ki sanar da shi kin sami mafita. Tsakaninki da shi maganar yara ce kawai. Ki bar shi da lasisinsa da ba shi da injin da zai yi amfani da shi, ya ci gaba da duba waya yana jiran kiranki.

Allah ya buɗa miki, ya raya yaran, ya sa aikin makarantar ya fita a kan lokaci.

Anti